Malam Sada, Mai Tare Iska

Ina gona bakin hanyar Boko ina maimai, hantsi bai gama ɗagawa ba, wayata ta yi ƙara a aljihun rigar da na rataye a reshe. Garba Tela ne daga Kankia. Ko gaisuwar da ya saba ja bai ja ba, sai ya ce, "Malam Idi, Allah Ya yi wa Malam Sada rasuwa bayan Asuba. Ƙarfe sha ɗaya za a yi jana'iza." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na aje hauya bisa kunya, na hau keken da marigayin ya sauya wa sarƙa da hannunsa mako biyu da suka wuce, na kama hanya daga Kusada. Har na iso Kankia keken nan bai yi ƙara ko ɗaya ba, kuma wannan shirun ne ya sa ni kuka.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sada mutumin Sukuntuni ne, mai gyaran keke, rumfarsa tana gefen kasuwar Kankia tun ba a cika ganin babur a garin ba. Ni kuwa masinja ne na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, a kan keke nake kai takardu, don haka fiye da shekara talatin ƙafata na hannunsa. Bai taɓa manna faci bai bi cikin taya da yatsa ya lalubo ƙayar da ta yi ɓarnar ba. In kana sauri kana tsaki, sai ya ce, "Zauna. In na bar ƙayar ciki, kafin Kafin Soli za ka zage ni." Ranar kasuwa, in mutanen ƙauye sun ɗaura buhu a kariya, bayan keke, za su koma gida iska na kaɗowa daga gabas, yakan rufe rumfa ya raka su wani wuri, shi a gaba su a bayansa. Mun daɗe muna zaton son tafiya ne kawai.

Da na so in yi shiru in bar addu'a ta wadatar. Amma an faɗi wata magana a zaman makokinsa, gaban mutane, kuma na yi kwana uku tana ci mini rai. Kafin in kawo ta, sai na fara faɗin abin da ake zarginsa da shi.

Shekaru kaɗan baya babban ɗansa ya kawo masa talabijin da batirin sola, don ya riƙa jin labarai a rumfa. Wata rana da damina yana laluben tasha ya ci karo da tseren keke na Turai, irin wanda ake yin mako uku ana yi, kullum zango guda, yau fili gobe duwatsu. Ya tsaya da sifana a hannu, bai ƙara juya ta ba har aka tashi. Kafin mako ya cika mun zama mu shida a kan bencinsa. Garin nan kowa ƙwallo yake kallo, don haka muka zama abin dariya. Matasa na wucewa suna cewa ga dattawan da ke kallon mutane suna tuƙa feda. Mun ji, ba mu tashi ba.

Da farko mun yi kuskuren da duk mutumin da ya tashi a kan keken kai hatsi zai yi. A wurinmu na gaba shi ne gwani. Akwai zangon da wani siriri ya ɓalle daga ayari shi kaɗai tun da rana tsaka, yana gaba har ana hango wurin ƙarewa, sai ayarin ya zo ya haɗiye shi, wani da ba mu ga fuskarsa ba duk yini ya fito ya ci. Garba Tela ya miƙe tsaye don haushi.

"Wannan zalunci ne," in ji shi. "Sun bar bawan Allah ya sha wahala, sun zo sun ƙwace. In a nan ne sai an je gaban alƙali."

Duk muka goya masa baya. Ni da nake taƙama da ɗan Turancina, masu sharhin sun fi ƙarfina, sauri suke kamar ana korarsu. Malam Sada ko harafi bai ji, amma kwana uku ya yi yana kallon ƙafafu da bakunan masu tseren. A rana ta huɗu ya nuna talabijin da kan sifana ya ce, "Ku dubi na gaba, bakinsa buɗe. Ku dubi na bayansa, abinci yake ci. Iska ce. Na gaba shi ke shanta, sauran a inuwarsa suke." Garba ya ce bai yarda ba. Washegari da safe Malam Sada ya jera mu, tsofaffi shida da kekunanmu, a kan hanyar Kafin Soli, taya kusa da taya. Ya ce kowa ya ja na ɗan lokaci ya kauce ya koma baya. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya suna rufe baki da mayafi. Da layi ya zo kan Garba ya shiga gaba, ko minti biyar bai yi ba ya fara haki, da ya koma baya kuwa sai ga shi yana hira. Ya sauka a gindin wata dalbejiya ya ce, "Malam, na janye ƙarata."

Tun daga ranar majalisarmu ta sami tambayarta. In an gama zango kowa na faɗin wanda ya ci, sai Malam Sada ya ɗaga hannu ya ce, "Wanda ya ci duniya za ta faɗa. Ni ku gaya mini, wa ya ja?" Ya san su duka ba da suna ba: Mai Dogon Wuya, Baƙin Safa, Ɗan Ruwa wanda ke komawa motar da ke biye da su ya ciko riga da gorunan ruwa ya raba wa 'yan'uwansa. Waɗannan su ne mutanensa.

Akwai kuma ƙa'idar da masu dariya ba su sani ba. Tseren nan yakan yi zafi daidai lokacin La'asar. Ana kan dutsen ƙarshe, ana gab da rabuwa, sai ladan ya kira. Malam Sada ba ya jiran a ƙarasa kiran, zai kashe talabijin ya ɗauki buta. Ko mun roƙe shi minti biyu, sai ya ce, "Su ma ba su jira ku ba, ku kuke son Allah Ya jira ku?" Saboda haka a shekarun nan kaf, da wuya mu ga lokacin da aka yanke hukuncin zango da idonmu. Mu dawo daga masallaci mu tarar komai ya sauya, sai mu zauna mu warware abin da ya faru daga wanda ke gaba da wanda ya ɓace da wanda rigarsa ta yage. A nan daɗin hirar yake, kuma a nan ba wanda ke kama ƙafarsa.

Zaman ƙarshe da muka yi da shi, jajibirin rasuwarsa ne. Kafin salla Mai Dogon Wuya na gaba shi kaɗai da tazara mai yawa, mutumin da bai taɓa cin zango ba tunda muke kallonsa. Har na fara yi masa murna. Da muka dawo, babu shi a gaba. Can muka hango shi a baya, jagoran ƙungiyarsu na manne da tayarsa, gwiwar jagoran duk jini. Malam Sada ya ce, "Babbansu ya faɗi. Wannan tsayawa ya yi ya jira shi." Mai Dogon Wuya ya ja jagoran har gindin dutsen ƙarshe, sannan ya kauce, jagoran ya wuce, shi kuma ya zo can ƙarshen ayari. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Wawa ne," na ce. "Rana ɗaya Allah Ya ba shi a rayuwa, ya ɗauka ya miƙa wa wani. Gobe wa zai tuna da shi?"

Malam Sada yana riƙe da ƙirjinsa kamar yadda ya riƙa yi a watannin nan. Ya yi murmushi ya ce, "Ni zan tuna. Kai dai Idi, idonka na kan layin ƙarshe kullum. Je ka gida kar ruwa ya tare ka, gobe mu ƙarasa." Na tafi ina gunaguni, ko sallamar kirki ban yi masa ba. Wannan yana nan a wuyana.

Da aka ɗauko makara za a nufi maƙabarta, ƙanensa Alhaji Lawal, babban ma'aikaci mai mota da direba, ya kama gaba ya ƙi saki. Kowa ya san yadda ake yi: ka ɗauka 'yan taku, wani ya karɓe ka, ka koma baya. Shi kuwa ya riƙe har kafaɗarsa na rawa. Garba Tela ya matsa ya ce a hankali, "Koma baya, Alhaji, ka huta. Ba mutum ɗaya ke kai ta ba." Ya saki. Mu shida na benci, da muka zama biyar, muka yi ta karɓar juna har bakin kabari ba tare da wani ya yi wa wani magana ba.

To a zaman makoki, rana ta biyu, Alhaji Lawal ya ce gaban liman da baƙi, "Yaya mutumin kirki ne. Allah dai Ya yafe masa lokacin da ya ɓata a kallon keke, abin ya daɗe yana ba mu kunya. Rumfar nan ma rufe ta zan yi." Wasu suka ce amin. Ni ban ce ba, kuma ba zan ce ba.

Alhaji, ranka ya daɗe, tunda gaban mutane ka faɗa, gaban mutane zan amsa. Lokacin da mahaifinku ya rasu a Sukuntuni, ku biyu ke makaranta, kuma malamanku da ke raye za su shaida shi ya fi ƙwaƙwalwa a cikinku. Shi ya aje allo da littafi ya kama gona da gyaran keke. Shi ke ɗora ka a kariya kowace safiya ya kawo ka Kankia, damina da rani, kana bayansa ka ɓoye fuska a rigarsa. Bai taɓa gaya mana ba. Tsofaffin Sukuntuni ne suka gaya mini a maƙabarta. Mutumin da bai taɓa barin La'asar ta wuce shi don tsere ba, shi ne mai ɓata lokaci? Ba wasa yake kallo a talabijin ɗin nan ba. Ya ga wata ƙasa ce inda aikin da ya yi duk rayuwarsa yake da suna, har ana nuna shi.

Bayan addu'ar uku, matarsa Malama Binta ta kira ni bakin zaure, ta miƙo makullin rumfa ta bayan labule. Ta ce, "Malam Idi, ni dai ban san keke ba. Amma na san ranar da ya fi dawowa gida da fara'a. Ku buɗe." Muka buɗe. Muka bar wurin zamansa ba kowa, sifanarsa na kai. Da ladan ya kira La'asar ana tsakiyar hawan dutse, Garba ya miƙa hannu ya kashe talabijin, ba wanda ya sa shi.

Mun dawo daga masallaci mun kunna talabijin ke nan sai ga motar Alhaji Lawal. Ya fito da sabon kwaɗo a hannu, ya tsaya bakin rumfa. Ba wanda ya tashi. Na ce masa, "Alhaji, in ka kulle, gindin dalbejiyar can za mu koma mu kalla a wayar Garba. Amma zangon nan sai mun ga ƙarshensa." Sai idonsa ya faɗa kan talabijin. Daidai lokacin Mai Dogon Wuya yana gaban ayari yana ja, bakinsa buɗe. Sai ya karkata gefe ya saki feda, mutane suka yi ta wuce shi, yana komawa baya har hoton ya bar shi.

"Wannan fa, mi ya same shi?" in ji Alhaji. "Shi ke gaba yanzun nan."

Na ce, "Ba abin da ya same shi. Ya kawo ɗan'uwansa inda zai iya tafiya da kansa, aikinsa ya ƙare."

Alhaji Lawal ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a ƙarshen benci, kwaɗon na cinyarsa, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ba mu san wanda ya ci zangon ranar ba. Ban sani ba ko zai dawo da kwaɗonsa wata rana, wannan tsakaninsa da zuciyarsa. Mu dai gobe ƙarfe biyu muna nan, kuma badi in da rai muna nan.

Malam Sada, gardamar da ka ce mu ƙarasa gobe, na faɗi. Kai ke da gaskiya, ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya haskaka kabarinka, Ya sa La'asar ɗin da ba ka taɓa jinkirtawa ba ta tsaya maka ranar tsayuwa. Yadda ka tare wa mutane iska a hanya, Allah Ya tare maka zafin wannan rana. Allah Ya ba Malama Binta da 'ya'ya haƙuri, Ya zama gatansu, Ya sanyaya zuciyar Alhaji Lawal. Mu da muke biye, in layi ya zo kanmu, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.