Na kai ta ganin teku, na dawo ni kaɗai

A ɓoye mini sunana. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mai sayar da kwaɗon zogale ce a Sabon Gari, nan Maradi. Daga Jiratawa ake kawo mini ganye, in gyara, in dafa, in kwaɗa da ƙuli. Allah bai ba ni haihuwa ba. Da ƙanwata ta yaye ɗiyarta ta fari a Tibiri, sai ta goyo ta har ɗakina ta sauke mini, ta ce ga ɗiyata nan. Ba a jima ba kasuwanci ya kai mijinta Kwatano, suka tare can. Yarinya ta tashi a hannuna tana ce mini Inna. Ta san wadda ta haife ta, ban taɓa ɓoye mata ba.

Tana ƙaramin aji a lakwal, makarantar boko, ta dawo da hoton teku a littafinta, ta ce wai malam ya ce ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, ita ba ta yarda ba, tunda gulbinmu ma ƙafewa yake yi. Hannuna na cikin ruwan wanke ganye na ce mata ranar da ta ci bak, jarrabawar gama lise, wato sakandare, ni da kaina zan kai ta Kwatano ta tsoma ƙafa a ciki. Ni na faɗa ne kawai, ita kuwa ta riƙe. Duk ƙarshen shekara in ta kawo sakamako sai ta tuna mini. Da ta ci bak ɗin, ko takalmi ba ta cire ba ta ce in fito da jaka.

Akwai masu ce mini in yi tunani, gidan uwarta fa za mu sauka. Na yi musu dariya. Ƙanwata ba ta taɓa kama sunan yarinyar nan ba, ko a waya sai dai ta tambaye ni ya ɗiyar Yaya. In sun zo ganin gida ba ta haɗa ido da ita. Na san kunyar 'yar fari ce, duk mun tashi mun ga ana yi, amma da shekaru suka ja sai na ɗauka kunyar ta cinye son. Muka hau kar, babbar motar fasinja, muka bi ta Doso da Gaya, muka tsallaka iyaka.

Da muka isa, ƙanwata ta rungume ni, ta amsa gaisuwar yarinya tana kallon bango, hankalina ya ƙara kwanciya. Ranar da aka kai mu bakin teku, yarinya ta naɗe zane ta shiga, tana ihu tana kirana in zo in gani. Ni ina tsaye nesa, tsoro ya hana ni matsawa. Sai na hango ƙanwata ta bi ta har cikin ruwa, ta kama bakin mayafinta ta baya, kanta a juye gefe kamar ba ita ta riƙe ba. Igiyar ruwa ta zo ta koma, ta zo ta koma, ba ta saki ba. A nan na gane son yana nan, na kuma gane abin da na jawo wa kaina.

Ana gobe za mu taso, mijin ƙanwata ya ce akwai makarantar koyon aikin jinya kusa da su, in na amince a bar yarinya ta yi. Ƙanwata ta ce ita ba ta da ta cewa, magana tana wurin Yaya. Kara suka yi mini, ni ma na ga dole in rama. Na ce haba, ai ɗiyarsu ce, ni riƙo kawai aka ba ni. Yarinya na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ji komai. Da na shiga ɗaki haɗa kaya ta biyo ni, ta tambaye ni ta sa tufafinta a jakarmu ko ta bari. Na ce ta yi yadda ta ga dama. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ciro nata ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan gado.

Ban yi kuka a hanya ba, kuma har yau ban yi ba. Wani mai buhunan gari ya zauna a kujerarta, na matsa masa. Na iso gida na buɗe ɗaki, washegari aka kawo ganye daga Jiratawa, na karɓa na wanke. Maƙwabta suka tambayi ina ɗiyata, na ce tana karatu. Abinci ba ya yi mini daɗi, ba ya yi mini ɗaci, ci kawai nake yi.

Ta gama makarantar, tana aiki a can, tana kirana ranar Juma'a. Bara, muna cikin gaisuwa, ta ce akwai abin da ta daɗe tana son sani. Ta ce tun ranar da na yi mata alkawarin teku, dama shirin da na yi ke nan, in ta girma in mayar da ita ga masu ita? Ta ce a ɗakin nan na Kwatano kalma ɗaya ta jira, in ce mata ta ɗauko kayanta mu tafi gida. Na ce mata layin ba kyau, ba na jin ta sosai. Ta ce ba komai, Inna, sai wata Juma'ar.

Ban yi nadamar cika alkawari ba, ta ga tekunta. Abin da na koya shi ne yaro ba ya jin abin da ke cikinka, abin da bakinka ya furta shi yake ɗauka. Ku masu riƙon 'ya'yan 'yan uwa, ku yi kara a kan abinci da sutura, amma ranar da aka tambaye ku ko kuna son yaron da kuka raina, ku ce kuna so, ko da za a ce ba ku da kunya. Ni an tambaye ni sau biyu a rana ɗaya, na ce riƙo aka ba ni.