Ranar da Waya Ta Ce Ba Ta San Kawuna Ba

Shekarun baya ne, amma har yau in na ji ƙamshin doya tana soyuwa a cikin mai, sai in ga kaina a wani ƙaramin ofis na Parakou, a saman bene, taga a buɗe. Wata mata ce ke kafa kaskonta a ƙarƙashin tagar kowane hantsi, ƙamshin ya riga kowa hawa matattakala. A cikin wannan ƙamshin nake zaune ranar da wayata ta fara rawa a kan tebur ba ƙaƙƙautawa.

Lokacin ina staj, wato koyon aiki bayan na gama jami'a. Kamfanin ƙarami ne, muna gina manhajar waya don 'yan kasuwar Djougou masu ɗauko doya da masara da dawa daga ƙauyuka. Mutum zai duba wayarsa ya ga ko motarsa ta bar Kolokondé, ko har yanzu tana lodi a Partago. Kafin a sake ta ga jama'a, akwai abin da muke kira gidan gwaji: kwafin manhajar ne a kan wata na'ura daban, inda ake ɓatawa a gyara ba tare da an cuci kowa ba. A ƙa'ida bayanan ƙarya ake zubawa a ciki. Amma dattawan da suka yarda su gwada mana sun ƙi. Ɗayansu ya ce shi ba zai zauna yana kallon motar da babu ita tana ɗaukar doyar da ba a shuka ba. Dole muka sa na gaskiya: sunayen direbobi, lambobinsu, hanyar dajin da kowace mota ke bi, da inda take yada zango. Irin abin da ba ka so ya faɗa hannun wanda ba ka sani ba.

Shi ya sa patron, mai kamfanin, ya ba ni aikin yi wa gidan ƙofa. Ya ce kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, kowa sai an yi masa sartifika. Wata 'yar shaida ce da ke zama a cikin waya, kamfani ya sa mata hannu, tana tafe da makullinta. In waya ta zo shiga sai ta nuna ta, na'urarmu ta duba sa hannun. In namu ne ta buɗe, in ba namu ba ta ƙi.

Ni kuwa da ma mai mafarki ce ido biyu, sai aikin ya shiga raina fiye da kima. Kakanninmu fatake ne masu safarar goro, kuma tun ina ƙarama nake jin yadda baƙo ba ya ciniki a Djougou sai mai masaukinsa ya tsaya masa ya ce, na san shi. Sai na riƙa ganin kaina a bakin wani zaure, baƙi na isowa da jakunansu ina cewa na san wannan, na san wancan. Har waƙa na rubuta a kai, wadda cikin ikon Allah ba wanda ya taɓa karantawa. Abokina, wanda teburinsa ke manne da nawa, kullum cewa yake, "Hajiya mai masauki, a sa mana hannu mu shiga, rana na yi."

Cikin dattawan da ke gwada mana akwai kawuna, yayan mahaifiyata. Shi ya tsaya a gaban dangi ya ce sai na yi jami'a, shi ya goya ni a babur zuwa tasha ranar da zan tafi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Tasa sartifikar ce ta farko da na yi wa wani wanda ba ɗan ofis ba. Na tura masa ita ta WhatsApp, na tura kalmar buɗe ta ta saƙon waya daban, kamar yadda aka koya mini, na yi ta jin daɗin kaina.

Da na ɗaga wayar a wannan hantsin, zauren danginmu na WhatsApp ne ke tafasa. Kawu ya tura sartifikar can. A ƙasanta ga kalmar buɗewa. Can ƙasa kuma ga muryarsa:

"Salamu alaikum, dangi. Ga abin da Uwata ta yi da hannunta, kuma ni ta fara ba. A sa mata albarka."

A gidanmu haka ake yi. Abin farko da yaro ya kawo wa babba daga guminsa, ko turmin atamfa ne ko ƙwaryar goro, ba a ɓoye shi. Zagayawa ake yi da shi ɗaki ɗaki, kowa ya taɓa ya sa albarka. Albarkar kuwa ta yi ta zubowa. Gwaggona ta Cotonou ta turo guɗa har sai da na rage ƙarar wayar. Wani ya ce Allah ya kai mu ranar da za ta gina jirgi. Wani da ban san lambarsa ba ya tambaya, "Yaya ake buɗe shi?" Zauren namu ba dangi kaɗai ke ciki ba, akwai surukai, da maƙwabta, da maƙwabtan surukai.

Abokina ya leƙo, ya fashe da dariya, sai kuma dariyar ta katse. Ya kira patron.

Patron ya karanta a tsaye. Ya ce, "Révoque. Yanzu."

Wato in soke ta, in sa ta cikin waɗanda na'ura ba za ta ƙara yarda da su ba.

Na ce, "Patron, kawuna ne."

"Na sani, ma fille, 'yata. Ko nawa kawun ne, haka zan ce."

"Bari in kira shi tukuna."

Na kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Gaskiya kuma na ji sauƙi da bai ɗaga ba, don ban san da wane baki zan gaya wa babba ta waya cewa ya yi kuskure ba. Patron ya dafa kujerata ya ce a hankali, "Direbobin da ke hanyar Sérou yau, su ma kawunnan wasu ne."

Layi ɗaya na rubuta. Na daɗe ina kallonsa kafin in danna. Na'ura ba ta da wata kalma mai taushi, ba ta iya cewa Alhaji ya ɗan dakata. Daga wannan lokacin, duk wanda ya zo da sunan kawuna, har shi kansa, baƙo ne.

Na roƙi izini, na ɗauki kwamfutata, na hau zem, wato acaɓa, zuwa tasha. Lissafina shi ne in riga Kawu: in isa Djougou in yi masa sabuwa kafin ya gwada tsohuwar. A taksi aka matse ni da wata mata mai kwanon wagashi, wato cuku, a cinya, na yi ta kallon gonakin kaju, wato yazawa, suna wucewa ina tsara maganar da zan yi. Kafin mu isa na tsara kala-kala, kuma kowace a cikinsu ta ɗora laifin a kan rezo, wato netwok.

Gida na fara zuwa. Mahaifiyata tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni da jaka a kafaɗa ranar aiki, ta ajiye faifan.

"Ke kika cire sunan Yaya?"

"Ba sunansa ba, Inna, sartifikarsa ce."

"Sunan wa ke jikinta?"



Ta ce, "Bayan azahar ya kira abokansa shago su ga aikinki. Abin ya ƙi shi a gabansu." Ta miƙe ta ja mayafi. "Mu je. Ki bar ni in fara magana, ke durƙusawa kawai ce taki."

Shagon Kawu na bakin kasuwa, buhunan masara jere har rufi. Yana zaune a kan benci da abokansa biyu, waɗanda da alama sun ƙi tafiya don kada a ƙarasa labarin ba su. Muka durƙusa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya hanya, ya Parakou, ya gajiya. A duk tsawonta bai ce Uwata ba. Malama ya kira ni.

Ɗaya daga cikin abokan, wani dogo mai farin gemu, ya ce, "Au, ke ce mai wayar da ba ta san Alhaji ba? Ki gaya mata ta zo kasuwa mu gabatar da shi."

Ɗayan ya ce, "A'a, a bar ta. Wataƙila ta san wani abu da mu ba mu sani ba."

Suka yi dariya. Kawu ma ya murmusa, amma ban ji daɗin murmushin ba. Ya ce, "Tun ina yaro nake kasuwar nan. Ko akuyar da ke wucewa ta san ni. Yau na tara mutane, abu ya rubuto mini da ja wai ba a san ni ba."

Mahaifiyata ta fara. Ta ɗauko daga nesa, daga yadda yara ke da ƙuruciya, da yadda kayan Turawa ba su da kunya. Ya ɗaga hannu.

"Bar ta ta yi magana. Ai ta yi lakwal, ta sha boko."

Duk maganganun da na tsara a taksi suka gudu. Na ji bakina yana cewa, "Kawu, ni na cire. Ba rezo ba ne, ba kuskuren waya ba ne. Da hannuna na yi."

 Na ci gaba, idona a kan ƙwayar masarar da ke ƙasa. Na ce abin da ya tura zauren dangi, duk wanda ya ɗauka zai shiga a matsayinsa, na'ura kuma za ta ce Alhaji ne ya zo. Zai ga kowace mota, da abin da ta ɗauko, da inda direbanta zai kwana.

Mai farin gemu ya gyara zama. "Har tawa motar?"

"Har taku, Baba."

"Tana hanyar Sérou fa."

"Na sani, Baba."

Bai ƙara dariya ba. Kawu yana jan carbinsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "To da kin bar shi, wani ya shiga ya yi ɓarna, wa za a ce?"

"Ku za a ce, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Gara da kika cire." Ya ɗan tsaya. "Amma da kin kira ni."

"Na kira, Kawu."

"Da kin sake kira."



Na buɗe kwamfutar a kan buhun masara. A wannan karon a cikin wayarsa aka ƙera makullin, ta yadda ba zai fita ba ko an so tura shi, na kuma ɗaure shi da zanen yatsansa. Na kira abokina a Parakou ya sa hannu daga can. Ya ce, "Hajiya mai masauki, kina raye?" Na ce ya yi aikinsa. Kawu ya ɗora babban yatsa, abin ya yi ɗan tunani, sai ya buɗe. Ga taswira, ga motoci kamar tururuwa a kan jar hanya.

Ya miƙa wa mai farin gemu wayar bayan na rufe ta. "Gwada naka yatsan."

Ya gwada. Ta ƙi.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kai ma ka ɗanɗana! A kai shi kasuwa a gabatar da shi!" Sannan ya juyo gare ni. "Uwata, tashi daga ƙasa, gwiwarki za ta yi ciwo."

Mahaifiyata ta sauke numfashin da nake jin tun gida take riƙe da shi.

Tun daga ranar ban ƙara tura wa kowa makulli ta saƙo ba. Duk dattijon da za a yi wa sartifika, zuwa nake in zauna kusa da shi, mu sha shayi, a yi ta a cikin wayarsa yana kallo. Yana cin lokaci, patron ya yi ƙorafi, daga baya ya mai da shi dokar ofis. Na soke sartifiku da yawa bayan wannan, na waɗanda suka bar aiki da na wayoyin da suka ɓata, har abin ya zame mini jiki. Amma ba na dannawa sai na tuna cewa akwai mutum a ɗaya gefen, wataƙila ya tara abokansa. In na kira ba a ɗaga ba, ina sake kira.

Shekaru na yi ina ba da wannan labari a matsayin abin dariya, labarin kawun da alfahari da 'yarsa ya sa ya raba makullin ofis ga dangi. Shi ma haka yake ba da shi. Sai a wani bikin suna, bayan an yi wa Kawu aikin ido a Parakou ya warke, babban ɗansa da ke Cotonou ya zauna kusa da ni ya gaya mini yadda abin ya kasance. A wancan lokacin idon Kawu ya riga ya fara dushewa, bai gaya wa kowa ba sai shi. Da saƙona ya zo, ya kasa karanta bayanin yadda ake sa sartifikar, sai ya yi niyyar tura wa ɗan nasa shi kaɗai, har da kalmar buɗewar, don ya karanta masa ta waya. Sunan zauren dangi ya taɓa bai sani ba. Da ya ji saƙonni sun fara shigowa, ya gane abin da ya faru, sai ya danna ya yi waccan muryar ta neman albarka. Ya kuma hana ɗansa gaya mini, wai kada Uwata ta ji kamar ta ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa.