Geron da Ya Yi Damina a Fagge

Sunanta Chinyere, amma daga Sabon Gari har Fagge ba mai kiranta da shi sai mijinta. Maman Ebere kowa yake cewa. Ita ce mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a sashen nazarin tsirrai na jami'a, inda aka ɗauke ni ƙaramar malama bayan na gama digiri. Aikinta wanke kwalabe, goge tebura, da jera wa ɗalibai kayan aiki kafin su shigo. Gajeriya ce kakkaura, tafiyarta kullum kamar wadda ake jira. In ta bayan ƙofa ka ji muryarta, za ka rantse Bakanuwa ce.

A Sabon Gari aka haife ta. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, mahaifiyarta kuma tana sayar da manja da garin rogo a kasuwa. Tun tana ƙarama ake aikenta Fagge, gidan Hajiya Zaituna, ta saro man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har ta zama 'yar gida, tana kiran Hajiya da Inna. Da rikicin sittin da shida ya tashi, tana amarya, ita da mijinta Cyprian suka bar Kano. Kafin su tafi ta ɗora keken ɗinkinta a ka ta kai wa Hajiya, tukwanen mahaifiyarta ta kai wani gidan, akwatin zannuwa ta kai wani. Bayan yaƙin basasa suka dawo. Ɗakin da suka kulle sun tarar da wasu a ciki, kayansu babu ko tsintsiya. Amma keken na nan a uwar ɗakin Hajiya, a lulluɓe da zane, ana ɗiga masa mai.

Sau ɗaya ta taɓa ba ni wannan labari, muna wanke kwalabe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wanda na sa wa kwaɗo shi ya tafi. Wanda na kai gidajen mutane, na same shi."

A shekarun farin nan da ya ƙarar da shanu, shugaban sashenmu, Dokta Gidiyon, mutumin wajen Zariya, ya riƙa bin ƙauyuka yana tattara irin gero da dawa na gargajiya, domin yunwa ta kai mutane ga cinye irin shukarsu. A wani ƙauye arewa da Ɗambatta, wani tsoho ya kwance bakin tsumma ya ba shi ragowar wani gero da suke kira Ɗan Sauri, mai nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Bai cika tafin hannu ba. Tsohon ya ce in ya bar shi a gida tukunya zai faɗa, Dokta ya riƙe musu, in ruwa ya dawo ya mayar. Dokta ya yi alkawari. Aka zuba shi a ambulan, aka sa a kabad tare da sauran.

Farkon daminar saba'in da biyar, muna ɗan gajeren hutu, aka yi wata iska da ta yaye kwanon ɗakin ajiyarmu ta jefar bayan gini. Ruwa ya sauka a kan kabad ɗin, ya kwana, ya wuni, ba wanda ya sani sai da aka dawo. Irin da ke cikin gwangwani bai ji komai ba. Na cikin ambulan kuwa ya jiƙe ya kumbura, har ya fara fitar da farin tsiro. Ɗan Sauri na cikinsu.

Na tarar da Dokta tsaye a ɗakin, ruwa ya rufe masa takalmi, ambulan ɗin a tafinsa. Maman Ebere kuwa tuni ta fitar da tebur da kujeru ƙarƙashin darbejiya, ta jera kwalaben da suka tsira, don ɗalibai in sun zo su ga sashe na nan bai tashi ba. Sannan ta leƙo.

"Dokta, in aka shanya fa?"

"Wanda ya tsira ba ya komawa, Maman Ebere. Ko a shuka shi yau, ko ya ruɓe."

"To a shuka mana."

"A ina?" Ya nuna taga da haɓa. Gonar sashe an haƙe rabinta za a ɗora sabon gini. "Kuma ko da filin na nan, gero ba a jera shi kusa da ɗan'uwansa. Iska za ta kwashi bununin wannan ta zuba wa wancan, su gauraye. In na mayar wa mutanen nan gauraye, ba nasu na mayar ba. Kowane iri sai wurinsa daban, da nisa, in da hali da katanga."

Ta gyara ɗaurin zane.

"Katanga kuma? Ai Fagge ba abin da ya fi katanga yawa. Ba ni su."

Haka muka fita, ita a gaba, ni a baya da kwano a ka, ambulan-ambulan a jere cikin jiƙaƙƙen tsumma. Cyprian, wanda ke sayar da kayan gyaran babur a Sabon Gari, ya aro mana akori-kura ta sauke mu a bakin Fagge. Shekarar kuɗin Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa gini yake yi. Gidajen da ta san suna da fili a baya, wasu an kafa bulo, wasu an shafe tsakar gida da siminti ƙal. Amma ba ta karaya ba. Ta san wadda ta sayar da tumakinta garke ya zama kango, ta san mai wankin da ke da lungu a bayan rijiya, ta san bayan cocinsu akwai wurin da ba mai bi. Duk gidan da muka shiga sai an gaisa tukuna, an tambayi yara da masu jiki, an sha ruwa. Ni dai ina gefe ina kallon tsiron nan yana ƙara tsawo a cikin kwano, kamar in yi kuka. Ita kuwa sai ta gama gaisuwa tsaf take cewa, "Ajiya na kawo." Ban ga gidan da aka ce mata a'a ba.

Ɗan Sauri ta raba shi biyu. Rabi ta shuka a bayan ɗakinta a Sabon Gari, rabi muka kai gidan Hajiya Zaituna.

Hajiya tsohuwa ce doguwa, haifaffiyar ƙauye, aure ya kawo ta Fagge. Muka same ta tana murza ƙuli. Ta leƙa ambulan ɗin, ta dubi Maman Ebere.

"Ke dai ba kya zuwa hannu sake. Wancan karon keke, yanzu gero. Gaba kuma mijin za ki kawo mini?"

"Wannan ko kyauta ba za ki karɓa ba, Inna. Ci ne da shi."

"Wannan mai shirun fa? Kurma ce?"

"Malama ce a jami'a."

"Malama? To Allah ya sa ɗaliban suna jin ta."

Na sunkuyar da kai, suka yi ta dariya. Maman Ebere ta yi mata bayanin tsohon ƙauye da alkawarin Dokta, ta ce, "Iri ne, Inna. Ba shi da wani a duniya sai wannan da na wajena."

Hajiya ta daina dariya. Akwai buhunan siminti jibge a zaure, ɗanta ya saya zai shafe bayan gidan. Ta ce simintin ya jira kaka, ba ruɓewa zai yi ba. Da kanta ta ɗauki fartanya.

Damina ta yi kyau. Aka shiga mayar wa sashe rufi, muka ci gaba da darasi a ƙarƙashin darbejiya har aka gama. Duk Asabar muna zagaya gidajen, Maman Ebere na gaba tana faɗa da awaki da kaji. Da gero ya fara fitar da kai, ta zauna a kan keken nan nata ta ɗinka ƙananan jakunkuna da ragowar yadi, muka riƙa sa wa zangarniya don tsuntsaye. In ka leƙa ta saman katanga sai ka ga gero sanye da atamfa kala-kala.

Ana cikin haka, wata safiya Maman Ebere ta shigo aiki ba ta gaishe da kowa ba. Mai gidan da suke haya zai ƙara ɗakuna. Tana kasuwa tifa ta zo ta juye yashi a bayan ɗakinta, a kan geron, ba ko kara ɗaya a tsaye.

Da Dokta ya ji labarin, ya zauna a kan kujera a hankali. Ita ce ta fara magana.

"Na Inna na nan. Don irin wannan ranar aka raba."

Daga nan Ɗan Sauri ya zama saura na bayan gidan Hajiya kaɗai. Sai kuma jarrabawa ta taso, ɗakin gwaje-gwaje ya riƙe mu, muka ɗan kwana biyu ba mu leƙa Fagge ba. Ranar da muka samu zuwa, Dokta ya ce zai bi mu ya gani da idonsa.

Tun daga bakin lungu na ji ƙamshin. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san shi: tumu ne, sabon gero da ake babbaka zangarniyarsa a wuta a murje a ci. Dokta ya tsaya a zaure kamar yadda ya kamata ga namiji baƙo, mu muka shiga. Tsakar gida cike da matan unguwa, an hura wuta, kowace tana murza tumu a tafi tana hurawa tana watsawa a baki. Na leƙa baya. An girbe geron tas, sai kara. Jakunkunan atamfa an wanke su an shanya a igiya.

Maman Ebere ta dubi karan, ta dubi Hajiya. Da ƙyar ta ce, "Inna... geron?"

"Ga shi kuwa ana ci. Zauna a ba ki. Rabon da a ga tumu a unguwar nan tun kafin a kawo lantarki. Kullum sai an leƙo an tambaye ni ya nuna? Zan girbe sabon gero a gidana in hana maƙwabta ɗanɗane? A ce da ni me?"

"Inna, na ce miki iri ne!"

"Na ji ki. Kurma ce ni?"

Hajiya ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ja hannun Maman Ebere zuwa madafa. Na bi su. A sama, jikin azara, inda hayaƙi ke bi, ga wani ƙaramin dami rataye, an ɗaure shi da igiyar kaba. Zangarniyoyi ne dogaye, cikakku, ƙwayarsu ta bushe ƙam.

"Wanda ya riga nuna, mai cikar ido, shi na bari ya bushe a karansa, na bi na yanke ɗaya-ɗaya tun kafin kowa ya taɓa. Haka ake yi a gidan ubana. A cire iri a rataye, sannan baki ya taɓa saura. Waɗancan da ake ci 'yan baya ne, ko kin ajiye su ba abin kirki za su ba ki ba. Ke da kika ce iri, ca kike duk gonar ake ratayewa?"

Maman Ebere ta dafa bango, ta yi wata dariya har da hawaye. "Inna, kin kusa kashe ni."

"Ke da yaƙi bai kashe ba?"

Aka sauko da damin aka kai zaure. Dokta ya murji zangarniya ɗaya, ya duba ƙwayar a hasken ƙofa, ya sa ɗaya a haƙori. Abin da ke hannunsa ya ninka wanda tsohon ya ba shi nesa ba kusa ba. Ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki, ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Da ni ne ma waɗannan zan zaɓa."

"Amin. A ba shi tumu, ya daina tsayuwa kamar mai karɓar haraji."

Ya zauna a dakalin zaure da kwat ɗinsa, yana murzawa yana hurawa.

Da za mu tafi, Hajiya ta zare zangarniya biyu daga damin ta riƙe. Maman Ebere ta buɗe baki, Hajiya ta riga ta.

"Ku kai wa mai shi nasa. Wannan yana nan wurina. In rufinku ya sake tashi, kun san hanya."

Kafin damina ta gaba Dokta ya kai wa mutanen ƙauyen geronsu. Tsohon na da rai. Sauran irin da muka rarraba, mafi yawansu sun dawo, kaɗan awaki sun ci.

Daga shekarar ne sashenmu ya sauya yadda yake ajiya. Ba irin da ke kwana a wuri ɗaya: kashi a gwangwani a sashe, kashi a wani ginin daban, kashi a hannun mutane. Kowa kuma ya san abin da zai fara yi in aka wayi gari wani abu ya faru, wa zai duba ɗakin ajiya ko ana hutu, wa zai nemo mota, a ina ɗalibai za su same mu. Wasu sassan sun zo sun tambayi yadda muka tsara, Dokta ya tura su wurin Maman Ebere, ta yi musu bayani tana goge tebur.

Har yanzu tana sashen, tana faɗa da ɗaliban da ke barin kwalba ba wanki. Ɗan Hajiya ya shafe bayan gidan da simintinsa bayan kaka, amma uwar ta tsaya a kan magina sai da suka bar mata wani siririn wuri a jikin katanga. Bana ma na bi ta lungun, na hango kan gero ya leƙo, sanye da atamfa.