Zoben da Ba a Ce In Ɗaure Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kanikanci a Kano kafin in zo Doha, kuma hali guda ya zauna mini a hannu: in na ga noti, sai na ɗaure shi. Wannan halin ne ya kusa raba wani bawan Allah da yatsunsa.

Aikina shara da goge-goge ne a wani filin wasan harbi da ke bayan Umm Salal. A ciki akwai ɗakin wani dattijo ɗan Sudan, Baba muke ce masa, wanda hukuma ta yarje wa sake cika kwanson harsashin da aka harba. Kwanson ƙaramar bindiga ne, mai kafaɗa da siririn wuya kamar kwalba. Injin hannu ke tura shi cikin wani mazubin ƙarfe don ya koma daidai girmansa. Zobe ne ke riƙe mazubin, Baba kuma ya ja jan layi daga jikinsa zuwa jikin injin. Ya sha gaya mini, in mazubin ya sauka fiye da kima zai danne kafaɗar, kwanson kuma yana iya tsagewa a cikin bindiga.

Wata Alhamis da safe ina goge ƙura, na ji kamar zoben yana motsi. Kafin in yi tunani, sifana tana hannuna. Na ɗaure shi tamau, har ina jin na kyauta. Sai bayan azahar, Baba ya cika akwati biyu ya tafi, na ga jan layin ya goce. Ashe mazubin ya bi zoben ƙasa.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni kunya. Na mayar da layin daidai, na rufe ƙofa, na hau motar ma'aikata.

Ranar Juma'a na kasa zama a ɗakinmu na unguwar Muntazah. Na je masallaci, ban san me liman ya ce ba. Na sayi shayin karak na bar shi ya huce a kan benci. Na san mai akwatunan: wani likitan tiyata ɗan Zariya da ke zuwa duk Asabar, mutumin da ke kawo mini kilishi in ya dawo daga gida. Sai in ce wa kaina ai ƙila ba komai. Sai in hango hannunsa. Sai kuma in hango kaina a filin jirgin Hamad da jakata, an sallame ni. Sau uku ina ɗaukar waya in kira Baba, ina ajiyewa.

Da safiyar Asabar likita ya shigo yana dariya.

"Bakano, yau babu tsokana? Ko an hana ka cinikin da ka saba?"

Na ci gaba da shara. Har ya ɗauki akwati ɗaya ya nufi ƙofa.

"Likita, don Allah ajiye akwatin nan."

Na faɗi komai a gaban Baba, har mayar da layin da na yi. Baba ya karɓi akwatin ya buɗe. Ya ɗauko harsashi guda ya jefa a ramin ma'auninsa, ya nutse ƙasa da inda ya kamata ya tsaya. Ya gwada na biyu, haka.

Likita ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Alhamis, ranka ya daɗe."

"Yau Asabar," in ji shi.

Ba a kore ni ba. Baba ya zaunar da ni ya warware harsasan ɗaya bayan ɗaya ina kallo, har la'asar, sannan ya karɓi mukullin ɗakin daga hannuna. "Ɗaurewar kuskure ce," ya ce da Larabcinsa. "Mayarwar ce ba zan iya zama da ita ba. Khalas, shi ke nan."

Likita yana gaishe ni har yanzu, cikin mutunci. Amma ya daina ce mini Bakano. Malam yake cewa.