Likkafanin Ummu Sabri

Shekara talatin, duk matar da ta mutu a ƙauyenmu na Naga Hilal, hannun Nabawiyya ne na ƙarshe da ya taɓa ta. A wajen uwarta ta gaji wankan gawa, kuma ta riƙe shi da ƙa'idarsa: ruwan ɗumi da ganyen magarya, kafur a wankan ƙarshe, tsumma a naɗe a hannu, mayafi a kan mamaciya tun daga fari har a gama. Ta ƙarƙashin mayafin take wanki, idonta a bango. Abin da hannunta ya ji kuwa, ko tabon duka ne ko ƙurjin da aka yi shekaru ana ɓoyewa, ba a taɓa jin sa a bakinta ba. Matan da ke son jin gulma sun gwada ta da shayi da dabino har suka gaji.

Ummu Sabri muke ce mata, da sunan ɗanta tilo. Da mijinta ya rasu, wankan gawa ba ya ciyar da gida, sai ta sami aikin shara a wani ƙaramin gidan tarihi da ke ƙetaren kogin Nilu, aikin lada kullum-kullum, ba takarda ba komai. Kowace safiya takan hau jirgin fito da burodinta da ɗan cuku a ƙulle a gefen mayafi. Ɗaki uku ne gidan. Biyu cike suke da tukwane da duwatsu masu zane, na ukun kuwa akwatin gilashi ɗaya ne a tsakiya, a ciki wata mata a kwance tun zamanin Fir'auna, ta bushe ta yi baƙi, gashinta na nan da kitsonsa. An rufe ta da wani tsohon yadi daga wuya zuwa idon sawu. Nabawiyya ba ta karatu, sai Girgis mai gadi, wani dattijo Kirista mai yawan tari, ya karanta mata takardar da ke jikin akwatin: mace ce, ta kai shekara arba'in, ba a san sunanta ba.

“Ba a san sunanta ba?” in ji Nabawiyya. “To wa ke gaishe ta?”

Daga ranar ta sa mata suna Sitti, yadda muke kiran kakanninmu. Shekara goma sha ɗaya tana goge gilashin nan, tana yi wa Sitti ina kwana, tana ba ta labarin tsadar tumatir da ciwon gwiwa. Girgis kan leƙo ya ce, “Ummu Sabri, yau me tsohuwar ta ce?” Ita kuma ta ce, “Cewa ta yi tarinka ya hana ta barci.”

Ana nan aka turo sabon shugaba daga Alƙahira, Ustaz Midhat, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙas-ƙas. Mutumin yana da karatu, wannan ba a hana shi ba, sai dai irin karatun nan ne da ke hawa kai ya bar zuciya fayau. Ya duba littafin 'yan firamare ya ga darasin yadda mutanen da suke adana gawa: a tsaga gefen ciki na hagu, a fitar da kayan ciki, a binne jikin cikin kanwa kwana arba'in, sannan a naɗe da lilin, hidimar duka kwana saba'in. Ya ce ina amfanin yara su haddace abin da ba su gani ba. Ranar Lahadi ya sa aka buɗe akwatin aka yaye yadin.

Da Nabawiyya ta shigo da bokitinta, sai ta tarar da Sitti a buɗe. Tsofaffin naɗe-naɗen Sitti ɓarayin kabari sun yayyage su tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba abin da ya rage sai 'yan tsummoki a hannu da ƙafa. Ga ƙirji, ga ciki da tsagarsa, ga komai a fili, an kuma haska mata fitila. Ta kau da kai da sauri, ta goge gilashin ranar idonta a rufe.

Ranar Talata motar makaranta ta sauke yara maza arba'in. Ustaz Midhat da kansa ya yi musu darasi, yana ƙwanƙwasa gilashin da makullin motarsa daidai saitin cikin matar. Yaro ai yaro ne, ba a ga laifinsa ba: wasu na ƙyaƙyata, wasu na zungurar juna da gwiwar hannu, wani ya kwaikwayi yadda bakinta ya buɗe, wani ya ɗaga waya ya ɗauki abin da bai kamata ido ma ya gani ba. Malaminsu na waje yana shan taba. Nabawiyya na tsaye a lungu da tsintsiya tana kallo.

Ta bari sai da yara suka tafi, ta same shi a ofis.

“Ya Ustaz, a mayar wa baiwar Allah da mayafinta.”

“Wace baiwar Allah?”

“Ta ɗaki na uku. Tsirara take.”

Ya yi dariya har da buga tebur. “Ummu Sabri, wannan ba gawa ba ce, kayan tarihi ne. Shekararta dubu biyu da ɗari biyar. Ba ta san sallarki ba, ba ta san kunyarki ba.”

“Waɗanda suka binne ta sun san kunya. Girgis ya ce yatsa-yatsa suke naɗewa. Wanda ya zauna ya naɗe wa uwarsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, don a zo a leƙa cikinta ya yi?”

“Je ki goge matakala,” in ji shi, ya jawo jarida.

Mako uku ta yi tana ƙananan dabaru. In motar yara ta tsaya, sai ta kafa bokiti a gaban akwatin ta hau goge ƙasar da ta riga ta goge, a kore ta. Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a kan gilashin wai don ƙura, a yaye. Ta daina kallon Sitti, ta daina ba ta labarin tumatir, don ta ce ba a hira da mutum yana tsirara. Abinci ya fita ranta. Ita da ta rufe matan ƙauye guda, ga mace ɗaya a gabanta kullum ta kasa rufewa, kuma abin na cin ta fiye da yadda ta iya faɗa.

Tana da likkafaninta, kamar kowace tsohuwa mai hankali a wajenmu. Farin lilin ne saƙar hannu daga garin Akhmim, ƙyalle biyar, ta saye shi shekarar da Sabri ya yi aure. Ita ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma likkafanin ya je: maƙwabciyarta ce ta tafi da shi hajji, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya, ta dawo mata da shi. Yana can ƙasan akwatinta da ƙullin kafur, takan ciro shi sau ɗaya a shekara ya sha iska.

Wata Laraba aka ce manyan baƙi za su zo daga Alƙahira duba gidan, Ustaz Midhat ya kuma gayyato ajin 'yan mata don baƙin su ga darasinsa. Nabawiyya ta hau jirgin farko da ƙunshi a hammata. Kafin kowa ya iso ta warware babban ƙyallen da mai bi masa, ta lulluɓe gilashin daga saitin wuyan Sitti zuwa ƙafa, ta daidaita gefuna yadda ta saba, ta ajiye sauran ukun a ninke wajen ƙafafun, don ba a raba likkafani. Sannan ta dubi fuskar matar, karo na farko cikin mako uku, ta ce, “Ina kwana, Sitti. Yi haƙuri, na makara.”

Girgis ya shigo, ya ji ƙamshin kafur, ya gane. “Ummu Sabri, naki ne fa. Na zamzam.”

“Ni ina da masu rufe ni,” in ji ta. “Ita wa gare ta?”

'Yan matan suka riga baƙin isowa. Ustaz Midhat ya shigo gabansu yana kaɗa makulli, ya yi turus.

“Mene ne wannan? Wa ya kawo zanin gado nan?”

“Likkafanina ne, ya Ustaz.” Ta juya ga yaran, ba ta jira izini ba. “'Ya'yana, wa kakarta ta rasu a cikinku?” Hannu kusan goma ya tashi a hankali. “Da aka fito da ita, kun ga cikinta? To wannan ma kakar wasu ce. Abin da ke littafinku gaskiya ne, an tsaga, an sa kanwa, kwana saba'in ana hidimarta. Amma ƙarshen hidimar rufewa ce. Ku kalli fuskarta, ku kalli kitsonta, wata ce ta zauna ta yi mata shi.”

Yaran suka matso suna kallon kitson. Wata ta tambaya ko mamaciyar ma tana da 'ya'ya.

Ustaz Midhat ya kumbura kamar zai fashe. A gaban yaran ya ce mata ta ajiye tsintsiya ta fita, kada ya sake ganin ƙafarta, jahila mai kawo camfin ƙauye gidan ilimi. Ta ajiye tsintsiyar a jikin bango, ta gyara baƙin mayafinta, ta fita ba ta waiwaya ba.

“Girgis, yaye wannan abin!” in ji Ustaz Midhat.

“Ni? Likkafanin mai rai? Ya Ustaz, ina da jikoki.” Tari ya sarƙe shi, irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Aka kira mai sayar da tikiti, ya ce shi matarsa na da ciki, a nemi wani. To ga mai ilimi, ga hannunsa biyu lafiya lau, me ya hana shi? Ya miƙa hannu har ya kusa, ƙamshin kafur ya doki hancinsa, sai ya mayar da hannun aljihu ya hau faɗan a nemo sanda. Ashe camfin ƙauyen har Alƙahira ya kai. Yana cikin wannan borin kunya baƙin suka shigo.

Shugabar tawagar, wata dattijuwar Daktora masaniyar tarihi mai tabarau, ta tsaya a kan akwatin ta daɗe. Ta shafa lilin ɗin, ta dubi yaran da suka yi shiru, ta ce rabonta da ganin an mutunta mamaci haka a gidan tarihi har ta manta. Ta tambayi dabarar wa ce. Girgis ya buɗe baki, Ustaz Midhat ya riga shi: ya ce ai ya daɗe yana nazarin abin.

Cikin mako biyu aka buɗe akwatin aka shimfiɗa lilin ɗin a jikin Sitti sosai, aka ba shi lamba ya zama kayan gidan. Aka kafa ɗan allon tagulla a gefe mai cewa wannan sutura tunanin Ustaz Midhat ce kuma kyautarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wanda ya aika a kira mai shara, wai kada magana ta tashi.

Sau ɗaya ta koma, ta sayi tikiti kamar baƙuwa. Ta ga allon ta tambayi Girgis abin da aka rubuta, ya faɗa mata cikin takaici. Ita kuwa sai ta sunkuya ta duba gefen ƙafa, ta ce sun bar idon sawun hagu a waje, a gaya musu su ja.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ta rasu, wata Alhamis da hantsi. Sabri ya buɗe akwatinta ya tarar da ƙullin kafur kaɗai, don ba ta taɓa gaya masa ba. Girgis, da ya zo gaisuwa, shi ya faɗa masa inda likkafanin yake. Sabri ya haye Nilu a guje ya roƙi ko ƙyalle ukun nan da ke ninke a ba shi. Ustaz Midhat ya yi masa ta'aziyya da kyakkyawan lafazi, ya ce abin da aka ba lamba ba ya fita sai da takarda daga Alƙahira, wai Sabri ya dawo bayan mako biyu.

“Gawa ce fa a kwance, ya Ustaz! Uwata ce!”

“Doka ce, ɗana. Ba ni na yi ta ba.”

A kasuwa Sabri ya yanko farin yadi mai santsi, irin na labule, wanda bai taɓa ganin zamzam ba. Wasu mata biyu da ta koya wa wankan gawa suka wanke ta ta ƙarƙashin mayafi, idonsu a bango, suna kuka suna riƙe yadin don sai zamewa yake yi. Kafin la'asar an rufe ta.

Talatar da ta biyo baya motar makaranta ta zo kamar kullum. Yara suka kewaye akwatin suna kallon kitso, malaminsu ya karanta musu allon tagulla da ƙarfi, ya ce su tafa wa Ustaz Midhat. Suka tafa. Girgis ya fice bakin ƙofa ya zauna ya juya wa gidan baya. Sitti kuwa tana nan kwance har yau, a rufe daga wuya zuwa idon sawu.