Japanancin Baba Isiyaku

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Baba Isiyaku mai gyaran rediyo a unguwar Limawa, nan Minna, ya san dokokinsa biyu: a cire takalmi a bakin ƙofa a jera shi yana kallon waje, kuma kada a tambayi yaushe za a fara faɗa. Ku da kuka zo ta'aziyya kuka fito kuka tarar da takalmanku a jere, ni na jera su. Hannu ne ya saba.

Ni ne ɗansa na fari, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a gidan Bakatsine irin na da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ƙannena yana kiransu ɗaya bayan ɗaya har da laƙabi, ni kuwa “yaron nan” ne. Na yi aure, na tara iyali, furfura ta fito mini a gemu, ina nan a “yaron nan”. Na san alkunya ce. Idan ana tsokanata nakan yi dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai. Mutum yana so uban da ya raɗa masa suna ya gwada kiran sunan ko sau ɗaya, a ga ko yana aiki.

Wani direba ne ya jawo mana Japan cikin gida. Ya kawo bidiyo gyara, da kwali cike da kaset-kaset da ya tsinta a but ɗin wata motar tokumbo, ya tafi bai sake waiwayowa ba. Baba dama ya yi imani da kayan Japan. Cewa yake, “Abin Japan ba ya mutuwa, sai dai ya suma.” Ya farfaɗo da bidiyon, ya sa kaset, sai ga tsofaffin finafinai marasa kala, ba rubutun fassara ko layi ɗaya. Daga ranar ya sauke talabijin ƙasa, ya fitar da benci daga zaure. Ya ce rashin tarbiyya ne ka hau kujera kana kallon dattijon fim zaune a tabarma.

Da samarin unguwa suka ji an ce fim ɗin Japan kyauta bayan la'asar, sai suka cika zaure, sun zaci kareti ne. Aka fara. Wata mata ta dafa shayi. Mijinta ya sha. Jirgin ƙasa ya wuce. Matar ta sake dafa shayi. Can wani ya gaji ya ce, “Baba, yaushe za a fara faɗan?”

Baba ya ce, “An gama.”

“An gama?”

“Ba ka ga yadda ta ajiye kofin ba? Gidan nan ba zaman lafiya sai bayan sati.”

Washegari mutum ɗaya ne kawai ya zo, shi ne maƙwabcinmu Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin reluwe. Shi ma barci yake zuwa yi, don ya ce duk Minna ba inda ya kai zauren nan shiru.

Shirun kuwa da dalili. Idan aka ɗauke wuta aka tada janareto, Baba yakan murɗe sautin talabijin gaba ɗaya, wai sauti na shan fetur. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin wayoyin rediyo, amma ba mahalukin da ya iya raba shi da wannan tunani. To tun da ba sauti, sai ya ɗauki aikin fassara. Bai san ko “zo” da Japananci ba, bai kuma ga abin da wannan zai hana ba.

Ya ce ai yaren ba baƙo ba ne. “Nufawa ne, ruwa ya tafi da su. Shinkafa da safe, shinkafa da dare, kifi a gefe, gaisuwa kuwa sai gwiwa ta yi ciwo.”

Nna, mahaifiyarmu, Banufiya ce, kuma tana jin komai daga tsakar gida. Ta ce, “Shi ya sa kayansu ba sa mutuwa. Ka taɓa ganin rediyo ƙirar Katsina?”

Da sannu muka gane cewa duk matsalar gidanmu akwai irinta a Japan. Mijin fim zai buɗe baki, Baba ya ce, “Ya ce miyar jiya gishiri ya yi yawa.”

Nna ta ce, “Ka ce wa Bajapanen gobe ya ɗora tukunya da kansa.”

Matar fim ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, “Ta ce za ta gyara.”

“Ƙarya kake mata, baiwar Allah.”

Wata rana 'yata Zainab ta zo da waya mai fassara. Ta lallaɓa kakanta ya ɗan buɗe sauti, ta kara wayar a jikin talabijin. Baba ya riga ya faɗa mana cewa dattijon fim ɗin yana neman gafarar ƙaninsa ne kan rigimar gona. Zainab ta duba waya ta ce, “Tsoho, cewa ya yi gobe za a yi ruwa.”

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Amarya, wayarki magana take ji, ba ta jin mutane. Wannan abin da bakinsa ya faɗa ne. Ni abin da yake nufi nake fassarawa.” Ya sake murɗe sautin, ya ce an yi asarar fetur a banza.

Kowa a finafinan nan sai da Baba ya raɗa masa suna. Uba ko da yaushe Malam Tanko ne, uwa Gogo, 'ya Ladi. Har kyanwa ta samu suna. Ɗa namiji kuwa, kowane kaset aka sa, “yaron nan” ne. Rannan Baba Yohanna ya farka a tsakiyar fim ya ce, “Isiyaku, wannan yaro ba shi da suna ne?”

“Ɗan fari ne.”

“Yaya ka sani?”

“Ba ka ga uban ba ya kallonsa ba?”

Ina zaune a bakin ƙofa kusa da takalma. Shi ma bai kalle ni ba.

Da daminar bana ciwo ya kwantar da shi. Bayan an sallamo shi daga asibiti, kowa a gidan ya san abin da ake jira, ba wanda ya faɗa. Ni kuwa na riga na haƙura, na ce haka zai tafi da sunana a cikinsa. Wata la'asar ya ce a kawo masa talabijin ɗaki, a ajiye a ƙasa. Ba wuta, na tada janareto. Nna na gefen gado, Baba Yohanna ya jingina da bango.

A fim ɗin, dattijo da ɗansa suna zaune a baranda, kowa na kallon gabansa. Aka daɗe a haka. Sai muryar Baba ta fito, ƙasa-ƙasa.

“Malam Tanko ya ce, Nasiru.”

Ban san lokacin da na ce “Na'am” ba.

Idonsa na kan talabijin. “Ya ce, Nasiru, na gode wa Allah da ya fara mini da kai. Ban taɓa kwana da fushinka ba. Allah ya yi maka albarka.”

Baba Yohanna, wanda ranar ce kaɗai na gan shi ido biyu har wannan wuri, ya ce, “Isiyaku, ai bakin mutumin bai motsa ba.”

“Abin da yake nufi nake fassarawa.”

Na ce, “Amin, Baba.”

Ya ce, “Yaron nan, ba da kai ake ba, fim ne. Je ka kashe janareto, fetur na ƙonewa.”

Na fita. Ban kashe nan take ba. Na tsuguna a gefensa na bar shi ya ƙara shan fetur, don ƙararsa ta rufa mini asiri, ga ni ƙato da furfura ina kuka kamar an yaye ni.

Bai sake kallon fim ba. Kaset-kaset ɗin suna nan a kwalinsu, bidiyon ma ya suma, ban kai shi gyara ba.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya haskaka makwancinsa. Ya sa a kira shi da sunansa a ƙofar Aljanna, ya amsa da irin daɗin da na amsa nawa.