Jarkokin da Ba a Tsallakewa

Na sha yawon duba ayyuka tsakanin Mafara, Bakura da Maradun, yawancinsu ma na manta kamanninsu. Amma akwai wani famfo guda da ko tsufa ya rikita ni ba na jin zai fita daga raina.

A lokacin ina aiki a wani ɗan ofishi a Talata Mafara. Gwamnati ce ta haɗa hannu da wani kamfani aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a ƙauyuka. Kamfani ya gina, shi ke da alhakin gyara, mu kuma namu shi ne mu auna ko abin yana ɗorewa, ko kuwa ranar buɗewa kawai ya yi rawar gani. Kowane famfo an maƙala masa na'ura mai aiko mana yawan ruwan da aka ɗiba, muna zaune ƙarƙashin fanka muna gani a kwamfuta. Sharaɗin yarjejeniyar a fili yake: wanda jama'a ke amfani da shi a ci gaba da kula da shi, wanda ba a amfani da shi a kwance farantan solar da tankin a kai inda ake buƙata.

A cikinsu duka babu kamar na wani ƙauye da ke gaba da Janbako. Ana ɗiba da safe, ana ɗiba da la'asar, ko ranar Sallah ba fashi. Ogana har baki yake washewa in ya duba shi. Wata rana da bazara ya ce in je in ɗauko hotunan mutane suna ɗiba, a nuna wa manya a matsayin abin koyi.

Hanyar ba ta mota ba ce, don haka na nemi taubashina, wani ɗan kabu-kabu mutumin Dakko, mai baki kamar rediyon shago. Da na faɗa masa sunan garin sai ya kashe babur.

"Garin nan ai na ji an ce ya watse tun bara, tun da mutanen daji masu bindiga sunka matsa musu."

Na ce, "Jita-jitarku ta 'yan tasha ke nan. Sun watse sun dawo. Kullum ana ɗibar ruwa, da idona nake gani."

"Mutanen ka gani ko ruwan?"

Na ce ya tada babur ya daina yi mini iyayi. Ya tada, amma tun daga nan surutunsa ya ragu, abin da ban taɓa gani ba.

Mun isa da hantsi. Abin da na fara lura da shi shi ne babu yara. Duk wanda ya san ƙauye ya san ƙarar babur ba ta shiga gari ita kaɗai, sai da ayarin yara a bayanta. Nan kuwa ko kaza ba ta gitta ba. Rumbuna a buɗe, danga ta kwanta, wani turmi na tsaye a ƙofar gida da taɓarya a cikinsa. Taubashina ya yi sallama a wani zaure, ya sake yi, babu wanda ya amsa. Ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ko'ina a bushe yake ƙayau, sai wata siririyar hanyar ciyawa kore shar da ta ratsa tsakiyar gari, ruwa na bin ta a hankali.

Sai muka ji murya daga bayan katangar masallaci, inda tankin yake. Muryar mace ce, tana faɗa.

"Ke matsa baya, ba layinki ba ne. Kullum sai kin yi wannan halin. Bari ta gidan maƙera ta cika tukuna."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na ce, "Ka ji ko? Ga mata can a famfo." Na fiddo wayata don ɗaukar hoto, muka zagaya katangar.

Jarkoki ne a jere, dogon layi tun daga bakin famfo har gindin wata bishiyar bedi. Kowace da tsumman da aka ɗaura mata a hannu don shaida, rana ta cinye launinsu. Babu mace ko ɗaya a bayansu. Tsohuwa ce guda, siririya, ta sunkuya tana tura wata jarka ƙarƙashin famfo tana ci gaba da hira, tana tsayawa kamar mai sauraron amsa, har da 'yar dariya. Gashin jikina ya tashi. Taubashina ya kama rigata ta baya yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta cin abinci.

Ni na yi ƙarfin halin yin sallama. Ta ɗago ta amsa cikakkiya, ta tambaye mu hanya, da gida, da iyali, da zafi, ba ta rage komai ba. Sannan ta tara mana ruwa a ƙwarya kai tsaye daga famfo, ta ce baƙo ba ya bin layi. Na karɓa na sha. Ruwan mai sanyi ne, mai daɗi.

Na ce, "Inna, ina mutanen gari?"

"Sun tahi, ɗana. Da sahe ne, muna nan kan layi, anka ce ga mutanen daji nan tahe. Kowa ya bar jarkarshi ya sheƙa. Matar liman ta juyo ta ce mani, Inna, tsare mani layina. To ka ji. Amana anka ba ni."

Ashe tun daga ranar, safe da la'asar, sai ta bi jarkokin ɗaya bayan ɗaya, ta tuntsurar da ruwan da ke ciki ya bi lambatu, ta sake cikawa, don kada mai ita ta dawo ta tarar da ruwa ya kwana. Ɗanta kan kawo mata hatsi ranar kasuwar Janbako, ya yi roƙon duniya ta bi shi, ta ƙi. Wannan shi ne abin koyin da muke ta yabo a ofis.

Da za mu tafi ta riƙe hannuna. Ta ce ranar da aka buɗe famfon ta ji da kunnenta an ce in ba a sha za a ɗauke. "In anka ɗauke ruwa, wa za ya dawo? In ka koma ka ce musu ana sha." Muka yi mata sallama. Har muka fita garin muna jin muryarta tana kiran ta gaba.

Na yi kwanaki abin na cina. Na bincika na gano mutanen ƙauyen suna zaune a bayan garin Mafara, suna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wata rana su samu wata rana su rasa. In na yi shiru, tsohuwa ta tsira da famfonta, su kuma su ci gaba da ƙishi. In na yi magana, na kashe mata gari. Na faɗi gaskiya, na roƙi a kawo kayan inda mutanen suke. Ogana ya yi ta tsaki don na ɓata masa abin nunawa, amma sharaɗi sharaɗi ne. Ranar da aka je kwancewa ban bi su ba, ba zan iya haɗa ido da ita ba. Ina zaune na ga lissafin garin ya tsaya cik a kwamfuta, na ji kamar ni na zare wa mara lafiya numfashi.

Bayan an kafa famfon a sabon wuri na je dubawa. Hayaniyar mata da yara tun daga nesa. A cikin layin na hango jarkokin nan masu koɗaɗɗen tsumma. Aka ce da aka kwance famfon, ɗan tsohuwar ya je da a-kori-kura, ta ce ba ta hawa sai an loda su duka. Da ta iso ta bi masu su ta miƙa wa kowace tata. Wasu ba a samu masu su ba, har da ta matar liman, wadda ta rasu ba ta sake ganin garin ba. Waɗannan har yanzu ana jera su a layi, babu mai tsallake su. In layinsu ya zo a cika, a ba wanda ba shi da ƙarfin ɗiba sadaka.

Tana zaune a gefe, ta gane ni. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne ka hwaɗa musu?"

"Ni ne, Inna."

"Na yi maka Allah ya isa har na gaji. Na janye." Ta nuna ƙafata da sandarta. "Matsa, kana tsaye kan layin matar liman."

Na matsa, idona ya cika da ƙwalla.

Tun daga ranar na daina yarda da awon da aka yi daga kan kujera. Na'ura ba ta yi mana ƙarya ba, ruwa ta ƙirga, ba mutane ba. Yanzu duk aikin da aka ce mini yana tafiya daidai, sai na taka na je, kuma tambayata ta farko ita ce wa ke sha.